Murnar Takaba

Kwana bakwai da rasuwar mijinta, Mai Turare, kamar yadda ake kiranta a wurin aiki, ta koma bakin aikinta. Ba wai hawayenta ne suka bushe ba. Babban kantin da take aiki kwana uku yake ba wa mutuwa, ko ta miji ce ko ta kawu, ta haɗa da kwana huɗun da suka rage mata na hutun shekara, iyakar abin da takarda ta sani ke nan. A gida kuwa akwai 'yan mata biyu masu zuwa makaranta, ga Inna, mahaifiyar marigayin, wadda idanunta suka tafi suka bar mata hanci da kunne. Duk su ukun daga wannan aikin suke ci.

Kafin ta fita sai da ta tura yayanta wurin malami ya tambayo mata. Amsar ta dawo a fili. Mai takaba tana iya fita da rana idan lalura ta kama, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Amma har wata huɗu da kwana goma su cika, ba turare a jikinta, ba kwalli, ba jan baki, ba tufafin ado. Yayan ya kawo saƙon yana murna, yana ganin an sami mafita. Ita kuwa kallonsa kawai ta yi, don ya manta da aikin da take yi.

Shekara tara ta yi a bayan teburin gilashi ɗaya, a bene na biyu, tsakanin masu agogo da masu jakunkuna. Dokar teburin a rubuce take: jar riga mai zaren zinari a wuya, jan baki, kwalli, sannan kowace safiya ta fesa turaren da ake tallarsa a wuyan hannunta, domin mai saye ya ji yadda yake zama a fatar mutum. Duk abin da aka hana mai takaba, shi aka ɗauke ta ta yi.

Wuyan hannun nan kuma yana da tarihi. Mijinta gyaran firji yake yi, hannunsa kullum warin mai da tsatsa. Kowace yamma idan ta shigo sai ya ce, “Kawo mu ji.” Ya kama hannun, ya rufe ido, ya ja numfashi yana gyaɗa kai kamar wani masani, sannan ya yanke hukunci: “Maganin sauro.” Turaren da kwalbarsa ɗaya ta fi firjin da ya wuni yana gyarawa tsada, shi ma maganin sauro ne a wurinsa. Inna daga ɗakinta takan ce, “Kai dai ba ka da hanci, ban san wa ka gado ba.” Shekara tara ba a fasa wasan nan ba, har ranar da ya fita da jakar kayan aikinsa da safe, jakar ta dawo da la'asar a hannun abokinsa.

Don haka ba dokar malami kaɗai take kiyayewa ba. Wannan ne abu na ƙarshe da ya rage da za ta iya yi masa, kuma ba ta son ta yi shi rabi.

Ta zo aiki da hijabi mai ruwan toka, fuska ba komai. Shugaban benen ya tare ta tun kafin ta ajiye jaka. Ka'ida ake ce masa a bayan idonsa, saboda ko gaishe shi ka yi sai ya gaya maka abin da ka'ida ta ce. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya yi mata gaisuwa yadda ya kamata, har da ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa. Hannun na sauka daga fuskarsa, idonsa ya sauka a kan leɓenta.

“Allah ya ba ki haƙuri. To, ina rigar?”

“Ina takaba, Malam.”

“Na sani, wallahi na sani. Amma ka'ida ba ta sani ba.”

Ya ɗaga mata ƙafa mako ɗaya. A na biyu ya miƙo mata takardar gargaɗi yana kallon gefe.

Wadda ta rufa mata asiri ita ce maƙwabciyarta ta teburin agogo, wata dattijuwa Kirista da kowa yake kira Anti Agogo. Ita ma ta binne miji shekarun baya, ta kuma tuna ranar da aka sa ta cire baƙaƙen kayanta a ɗakin canja kaya, wai suna korar masu saye. Duk lokacin da mai saye ya ƙi 'yar takardar gwaji da ake fesa wa turare ya ce sai a fata, sai ka ga wani hannu ya miƙo daga gefe.

“Fesa nan,” in ji Anti Agogo. “Hannuna ai na haya ne, agogon mutane ma a kansa ake gwadawa.”

Kafin a tashi takan ɗauki ƙamshi takwas ko tara, kanta yana sarawa, tana haɗiyar ƙwayar ciwon kai da ruwan famfo. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Amma wanda ya wuni a cikin turare ba ya fita fes. Iskar wurin kanta turare ce. Mai Turare ta samo dabara: hijabi biyu, na aiki da na gida. Na gidan yana ƙulle cikin leda biyu a akwatinta na ma'aikata. Idan an tashi sai ta wanke hannu har gwiwa da sabulun wanki marar ƙamshi, ta wanke fuska, ta canja, ta ƙulle na aikin. Duk da haka ranar farko tana sa ƙafa a falo Inna ta ɗaga kai.

“Wace ce?”

“Ni ce, Inna.”

“Na ɗauka baƙuwa muka yi.” Sannan tsohuwar ta ce a hankali, “Ɗana ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba.”

Mai Turare ta yi mata bayani. Ta ce iska ce, ta ce ba ta fesa ba, ta ce malami ya ce wanda ya kama mutum ba da nufinsa ba babu laifi. Inna ta ce, “To.” Shekara goma sha uku tana kiranta “'yata”. Daga ranar ta koma “ke”, kuma wannan ya fi takardar Ka'ida ciwo.

Ana cikin haka kantin ya fito da sabon shiri. Aka wayi gari bangon ɗakin cin abinci na ma'aikata cike da hotuna, mutane kala-kala sun riƙe hannu suna dariya, an rubuta KOWA NAMU NE da manyan baƙaƙe. Aka rataye kalanda mai jinjirin wata da gicciye da wasu alamomin da ba wanda ya san su a benen. Aka kafa babban allon talabijin sama da wurin wanke hannu. Sanarwar ta ce daga yanzu kamfani yana girmama addini da al'adar kowa. Duk mai wata ranar ibada ya je ofishin ma'aikata ya cika fom. Mai Turare ta karanta sau uku. Ta ɗauka Allah ne ya kawo mata.

Jami'ar ofishin budurwa ce mai fara'a da dogayen farata. Ta yi mata gaisuwa, ta juyo da kwamfuta don su gani tare. Gurbi biyu ne kawai a fom ɗin. Na farko: sunan biki ko ibada. Jami'ar ta rubuta “Takaba”. Na biyu: kwanan wata.

“Wata huɗu da kwana goma ne,” in ji Mai Turare. “Kuma ni ba hutu nake nema ba. So nake a bar ni in yi aiki ba turare ba jan baki, ko a mayar da ni wani sashe har in gama.”

Jami'ar ta gwada rubuta hakan, gurbin ya yi ja. Ta gwada sa rana biyu, ya ƙi.

“Anti, rana ɗaya yake karɓa. Bari mu sa Litinin mai zuwa kawai mu tura. Idan ya je sama suka ga sunan, ai za su gane.”

Da ta san yadda abin zai je sama ya dawo, da ta yi zamanta. Ranar Litinin da azahar tana zaune da Anti Agogo suna cin abinci, sai allon nan ya yi wani ɗan kiɗa. Balan-balan kala-kala suka taso daga ƙasa. Hotonta ya fito, wanda aka ɗauka shekara tara da suka wuce, cikin jar riga, da jan baki, tana murmushi. A ƙarƙashi an rubuta: MUNA TAYA ABOKIYAR AIKINMU TA SASHEN TURARE MURNAR TAKABA!

Cokula suka tsaya. Wani mai ɗaukar kaya ya ce, “Innalillahi.” Wata ta sashen takalma ta fara dariya don ta ɗauka wasa ne, ta ga fuskokin mutane ta toshe bakinta. Anti Agogo ta miƙe, ta taka kujera da nauyin jikinta duka, ta fizge wayar allon daga bango. A daidai lokacin wayar Mai Turare ta yi ƙara a cikin jaka. Saƙo ne daga kamfani: an amince ta huta yau, a yi shagali lafiya.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta rufe kwanonta, ta shiga bayi, ta kunna famfo don kada a ji. Jami'ar ta biyo ta har ƙofa tana rantsuwa tana hawaye, wai na'ura ce take yi da kanta, duk abin da aka sa a gurbin farko murnarsa take tayawa. Gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya yi niyyar cin mutuncin kowa, an dai gina abin ne da tunanin duk ranar da mutum zai keɓe wa Ubangijinsa ranar farin ciki ce.

Takardar gargaɗi ta biyu ta zo bayan kwana tara. Wata mai saye ta nace sai a fata, Anti Agogo kuma tana can tana rage wa wani igiyar agogo. Mai Turare ta miƙa takardar gwaji, ta ba da haƙuri, ta ce ko ta fesa mata a nata hannun. Matar ta ce ita ba a gwaji da jikinta, ta wuce kai tsaye wurin Ka'ida. Ka'ida da kansa ya kawo wa Mai Turare takardar.

“Kin san ta uku ba gargaɗi ba ce,” ya ce. “Ta uku katin aiki ake karɓa. Kuma ranar Juma'a Babbar Manaja za ta zo daga hedikwata, za a ƙaddamar da sabon turare, a teburinki za ta fara tsayawa. Ki taimake ni, ki taimaki kanki.”

Juma'ar kuwa ita ce wadda take kafin Ista, ranar da su Anti Agogo suke wuni a coci. Shekara goma sha huɗu tana roƙon a ba ta ranar ana hana ta. Bana ta cika fom, kuma da yake tata rana ɗaya ce tak, gurbin ya karɓa ba gardama. Da ta ji maganar zuwan Manaja sai ta dafa tebur.

“Zan zo. Ubangiji ya san inda nake, zai same ni a nan.”

“Wallahi ba za ki zo ba, Anti. Shekara nawa kina jiran ranar nan?”

“To wa zai ba ki hannu?”

“Allah zai kawo.”

Ta faɗa ne kawai don ta rufe bakin Anti. Ko da ta yarda ma ba yadda za a yi, don an riga an amince da hutun Anti, na'urar ƙofa ba za ta karɓi katinta a ranar ba.

Ranar Alhamis da yamma ta ciro jar rigar daga ƙasan akwati ta shimfiɗa a kan gado. Ta tsaya tana kallonta. Daga falo tana jin 'yan matan suna gardama a kan fensir, ƙaramar tana cewa takalminta ya matse ta. Ta lissafa wuraren da za ta nemi aiki idan aka kore ta, ta ga duk inda za su ɗauki mai shekara tara a turare, turare za su ba ta. Ta naɗe rigar ta sa a jaka, ta fitar, ta sake sakawa. Sannan ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

“Inna, gobe ko in fesa ko su karɓi katina. Idan na bar aikin, me za mu ci?”

“Ni ban ce ki bari ba.”

“To me zan yi?”

“Ban ce ki yi komai ba. Bakina yana iya yin shiru, ke ma shaida ce. Hancina ne ba ya iyawa.” Tsohuwar ta lalubo carbinta. “Shi kaɗai gare ni. Ba ni da abin da zan yi masa yanzu, ko kabarinsa ba zan gani ba. Ke ce kike da abin yi masa.”

Mai Turare ta tashi daga wurin ba ta san ko izini aka ba ta ko hani ba.

Da safiyar Juma'a benen yana ƙyalli. An goge gilashi, an jera sababbin kwalabe kamar dala a kan teburinta, an mayar da wayar allon ɗakin cin abinci. Teburin agogo wani saurayi aka kawo daga ƙasa ya tsare, wanda bai san komai ba, hannunsa kuma cikin doguwar riga mai maɓalli. Rigar tana cikin jakarta, ba ta sa ba. Ka'ida ya gan ta cikin ruwan toka, ya dafe kai.

“Minti goma,” ya ce da ƙaramar murya. “Rigar ma na yafe, zan ce tana wurin wanki. Amma in ta ce ki fesa, ki fesa. Ta wuce, ki je ki wanke. Wa zai sani? Ni ma 'ya'ya gare ni, don Allah.”

Ta juya tana gyara kwalabe, ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba.

Manajar ta iso da mutum huɗu a bayanta. Doguwar mace ce mai sakin fuska, tana gaisawa da kowa, tana karanta sunan da yake jikin kati. Ba Bahaushiya ba ce, a bakin aiki ta koyi yaren. Ta iya Hausar ciniki da ta gaisuwa har da barkwanci, amma ba ta taɓa zaman makoki da ita ba. Shirin KOWA NAMU NE nata ne, ita ta yi faɗa a kansa a hedikwata har aka amince, kuma tana alfahari da shi da zuciya ɗaya.

Ta tsaya a teburin turare ta fara gwadawa. Wannan a hannun dama, wancan a hagu, wani a gwiwar hannu, wani a wuyan riga. Kafin ta kai ga sabon ta fesa shida. Ta shinshina, ta yi dariya.

“Kai, nawa hannun ya cika, ba na bambancewa. Fesa mini sabon a naki mu ji.”

Mai Turare ta miƙa takardar gwaji da hannu biyu.

“A'a, takarda ƙarya take yi. Ku ne kuka koya mini haka. A fata.”

Ka'ida yana bayan Manajar, ya haɗa tafin hannunsa a ƙirji yana roƙo da ido. Mai Turare ta ɗauki kwalbar. Sanyi gare ta, da nauyi. Ta cire murfin, ta ja hannun hijabinta baya, wuyan hannun ya fito. Ta ɗora yatsa a kan abin fesawar. Tsakaninta da abincin mutum huɗu ɗan dannawa ne da ko jariri zai iya. Ta tuna takalmin ƙaramar. Ta ce a ranta Allah yana gani, dole ce, za ta wanke. Sai ta kalli wurin da turaren zai sauka, daidai inda hancin mijinta yake tsayawa kowace yamma, ta ga idan ta fesa ba wanda zai ce mata kawo mu ji. Yatsan ya ƙi motsi.

“Ranki ya daɗe,” ta ce, muryarta da ƙyar take fita, “ina takaba.”

Fuskar Manajar ta haskaka.

“Ke ce! Ke ce mai Takaba! Na gani a rahoto, na ji daɗi sosai. A duk rassanmu ba wanda ya taɓa sa wannan, na ce to, ga shi shirin yana aiki, muna koyon sababbin abubuwa.” Ta juya ga mutanenta tana murmushi, ta juyo. “Yaya aka yi bikin? An ci an sha?”

Benen ya yi tsit, har ana jin agogunan teburin Anti suna tafiya. Saurayin da yake tsare da su ya sunkuyar da kai. Mai Turare ta ajiye kwalbar a hankali, ta mayar da murfin. Tsoron da ya riƙe ta mako shida ya sake ta, ba don ta sami ƙarfi ba, sai don ta ga ba abin da ya rage a ɓoye.

“Mijina ne ya rasu, ranki ya daɗe. Yau kwana arba'in da huɗu. Takaba zaman da mace take yi ne idan mijinta ya mutu, wata huɗu da kwana goma. Ba ta sa turare, ba ta sa kwalli, ba ta ado. Na je in faɗa, fom ɗinku ya ce rana ɗaya yake karɓa. Ya sa mini balan-balan.” Ta zare katin daga ƙirjinta ta ɗora a kan gilashin, kusa da kwalbar. “Ina da 'ya'ya biyu da uwarsa makauniya. Ina son aikina, wallahi ina so. Amma wannan hannun ba zan fesa ba.”

Murmushin bai bar fuskar Manajar lokaci ɗaya ba, a hankali ya zube. Ta kalli katin, ta kalli Ka'ida.

“Ka san wannan?”

“Na sani, ranki ya daɗe. Amma ba ya cikin ka'ida.”

Manajar ta juya ta nufi ofis, mutanenta suka bi ta, ba a ƙaddamar da turaren ba. Katin yana nan a kan gilashi. Ba wanda ya ɗauka, ba kuma wanda ya ce ta mayar. Haka Mai Turare ta tsaya har la'asar, tana sayar wa mutane turare, ba ta san ko ma'aikaciya ce ko korarriya ba.

Da aka tashi ta yi abin da ta saba. Ta wanke hannu har gwiwa da sabulun wanki, ta wanke fuska, ta kwance leda biyu ta sa hijabin gida, ta ƙulle na aiki. Tana fitowa ƙofar ma'aikata ta tarar da Manajar a tsaye ita kaɗai, idanunta jajur, da takarda a hannu ɗaya, katin a ɗayan.

“Saura kwana nawa?”

“Tamanin da shida.”

“Daga Litinin kina sito, wurin kwalaye, aikin rana kawai. Albashinki yana nan yadda yake. Ranar da kika gama, teburinki yana jiranki. An janye takardun gargaɗin, fom ɗin ma za a gyara.” Ta miƙa mata duka biyun. “Ki koya mini. Me ake cewa?”

“Allah ya jiƙansa.”

“Allah ya jiƙansa,” in ji Manajar, muryarta ta karye. Sai kawai ta jawo ta ta rungume, ta ƙanƙame ta tana kuka a kafaɗarta tana cewa ta yafe mata.

Mai Turare ta ji ƙamshin tun kafin hannun ya sake ta. Turare shida, masu tsada, masu kama kaya, waɗanda ita da bakinta take gaya wa masu saye cewa ko an wanke ba sa fita. A kan hijabin gida. Ba ta da yadda za ta ture matar da ta dawo mata da aikinta. Ta tsaya aka gama kukan, ta yi godiya.

A cikin bas ta zauna bakin taga ta buɗe gilashi, ta bar iska tana dukanta. Matar da take kusa da ita ta ce, “Baiwar Allah, wane turare ne wannan? Ya yi daɗi.” Ta duba jakarta. Ɗaya hijabin ya wuni a tebur, jar rigar kuma ba abin sawa ba ce. Ba ta taɓa shiga gidan da ƙamshi irin na yau ba.

Ta isa ana shirin kiran magariba. Inna tana zaune a kujerarta kusa da ƙofar falo. Tun kafin sallamar ta ƙare tsohuwar ta ɗaga kai, hancinta ya buɗe, fuskarta ta rufe.

“Kin fesa ke nan,” ta ce. Ba faɗa a muryar, gajiya ce kawai. “To. Allah ya sa a ci lafiya.”

Takardar tana hannun Mai Turare, da hatimi da sa hannu, amma me takarda za ta gaya wa makauniya? Ta buɗe baki ta fara bayani, ta tuna ta yi bayani ranar farko, abin da ta samu shi ne “To”. Ta ajiye jaka da takardar a ƙasa, ta durƙusa a gaban kujerar, ta ja hannun hijabinta baya, ta kai wuyan hannunta ƙarƙashin hancin tsohuwar.

Inna ta kawar da kai. Hannun bai janye ba. Can ta lalubo shi da yatsunta masu sanyi, ta riƙe, ta ja numfashi. Ta juya shi ta shinshina bayansa. Ta nemi ɗayan, aka ba ta, shi ma ta daɗe a kansa. Ba komai a wurin sai sabulun wanki da zufar bas.

Tsohuwar ta rufe idanun da ba sa gani, ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu, kamar wani masani.

“Maganin sauro,” ta ce.

Ba ta saki hannun ba har aka idar da kiran salla.